Na'urorin Sa Ido a Wuraren Taruwar Jama'a da Haƙƙin Sirri na Ɗan Ƙasa

GABATARWA

A cikin 'yan shekarun nan an sami yaɗuwar waɗansu na'urori waɗanda aikinsu shi ne kallon jama'a da ajiye labarin abin da suka gani. Ana kafa su a bakin tituna, da kasuwanni, da tashoshin mota, da bankuna, da ƙofofin makarantu da asibitoci, har ma da kan iyakokin ƙasa. Da fari a manyan birane kamar Legas da Abuja da Kano aka san su, amma yanzu sun yi arahar da mai kanti a Mubi zai iya sayen tasa ya liƙa a bakin rumfa.

An shirya wannan ƙasida domin a wayar da kan jama'a, musamman mazauna garuruwan bakin iyaka irin su Kwaja ta Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, game da amfanin waɗannan na'urori, da haɗarin da ke tattare da su, da kuma abin da dokar ƙasa ta tanada. Abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, fitowar mutum bainar jama'a ba ta zubar masa da haƙƙinsa na sirri, kuma duk wanda ya kafa na'urar kallon mutane, hukuma ce ko ɗan kasuwa, akwai dokar da take kansa.

1. DALILIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFI MUTANEN KWAJA

Kwaja tana cikin duwatsu, daf da iyakar Nijeriya da Kamaru, kuma ɗaya ce daga cikin mazaɓun Mubi ta Kudu, wadda hedkwatarta take Gella. Ƙasar Mubi ta taɓa zama a hannun Jamus, daga baya Ingila ta riƙe ta amana a cikin yankin da ake kira Arewacin Kamaru, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu 1961, inda jama'a suka zaɓi shiga Nijeriya. Saboda wannan tarihi, dangi da auratayya da ciniki sun riga layin iyaka zuwa. Mutum zai iya samun kawunsa a wancan gefe, kasuwar da yake ci kuwa a wannan gefe.

Har ila yau, ƙasar Mubi ta ɗanɗana rashin zaman lafiya fiye da wurare da yawa. A watan Mayu 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Adamawa da Borno da Yobe, aka kuma katse layukan waya na tsawon makonni. A ƙarshen watan Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka kama garin Mubi, dubban mutane suka watsu cikin duwatsu, waɗansu har Kamaru, kafin sojoji da maharba da 'yan banga su ƙwato shi a watan Nuwamba na wannan shekara. Ran 21 ga Nuwamba 2017 bom ya tashi a wani masallaci a Mubi lokacin sallar asuba, ya hallaka mutane kimanin 50. Ran 1 ga Mayu 2018 kuma aka sake kai hari sau biyu, a masallaci da kasuwar da ke kusa da shi. Wanda ya ga irin wannan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan muhimmancin tsaro.

Gwamnatin Tarayya ta daɗe tana neman hanyar tsaron iyakoki da na'ura, domin iyakar Nijeriya da Kamaru kaɗai ta haura kilomita 1,600, kuma ba a iya tsayar da jami'i a kowace ɓarauniyar hanya. A shekarar 2019 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 52 a kan shirin sa ido a iyakoki da na'urori a ƙarƙashin Hukumar Shige da Fice. A watan Disamba 2024 kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya buɗe wata cibiyar fasaha a hedkwatar hukumar a Abuja, wadda ta ƙunshi ɗakin lura da iyakoki da rumbun ajiyar bayanai. Ashe ke nan mazaunin bakin iyaka yana cikin waɗanda idon na'ura zai fi sauka a kansu, alhali mafi yawansu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa masu neman halaliyarsu.

2. NA'URORIN DA YADDA SUKE AIKI

Na farko, akwai kyamarar tsaro, wadda aka fi sani da CCTV. Takan ɗauki hoton bidiyo dare da rana, ta aika da shi ta waya ko ta iska zuwa wata na'urar ajiya. Idan ma'ajiyar ta cika, sabon hoto yakan hau kan tsoho ya shafe shi, sai fa idan wani ya kwafe shi tukuna. Saboda haka mai kyamara ne ke yanke tsawon kwanakin da hoton mutum zai yi a ajiye.

Na biyu, akwai na'urar karanta lambar mota. Kyamara ce da aka haɗa da kwamfuta, tana karanta lamba, ta rubuta wuri da lokaci. A Legas ana amfani da irinta wajen cin tarar masu karya dokar hanya. Idan aka jera su a kan hanya ɗaya, ana iya sanin ranar da mota ta fita, da inda ta tsaya, da sa'ar da ta komo.

Na uku, akwai manhajar gane fuska. Ita takan auna siffar fuska, kamar tazarar da ke tsakanin idanu da faɗin goshi da tsawon haɓa, ta mai da awon lambobi, sa'an nan ta gwada su da na hotunan da ke cikin rumbu. Abin lura a nan shi ne, amsar da take bayarwa ƙiyasi ne na kamanni, watau takan ce wannan fuska ta yi kusa da waccan da kaza bisa ɗari. Mutum ne zai duba ya tabbatar.

Na huɗu, akwai jirgi marar matuƙi, mai ɗauke da kyamara. Shi katanga ba ta tare shi, domin daga sama yake leƙe, kuma tsakar gida da bayan gida duk a buɗe suke gare shi.

Na biyar, akwai wayar hannu da kanta. Muddin tana kunne, tana magana da turken sadarwa mafi kusa, kamfani kuwa yana da labarin turken da ta yi magana da shi. Tun watan Disamba 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, wadda ke ɗauke da sunan mutum da hotonsa da zanen yatsunsa. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 kuma ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar kira har shekara 2.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan, idan tana ita kaɗai, abin da ta sani kaɗan ne. Ƙarfinsu yana fitowa ne sa'ad da aka haɗa su wuri ɗaya: fuska daga kyamara, suna daga rumbun shaidar ɗan ƙasa, wuri daga waya, lokaci daga lambar mota.

3. AMFANINSU

Babu mai musun cewa na'urorin nan suna da amfani. Hoton kyamara yakan taimaka wajen gane wanda ya ajiye mugun kaya a tasha, ko motar da ta buge mutum ta gudu, ko hanyar da masu satar mutane suka bi. Yakan kuma wanke wanda aka yi wa ƙazafi, idan ya nuna cewa yana wani wuri dabam a lokacin da aka yi laifin. Yana ma iya kare talaka daga jami'in da ya zalunce shi a shingen bincike, domin gani ya kori ji. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi shaidar da ta fito daga kwamfuta, idan an nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin da ta ɗauki abin.

Amma kyamara ba ta kama ɓarawo da kanta. Sai da wutar lantarki, da mai gyara, da mai kallo, da jami'in da zai tashi idan an kira shi. Ƙasar nan ta ga misalin haka. A shekarar 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 domin shirin sadarwar tsaro, wanda ya haɗa da kafa kyamarori kimanin 2,000 a Abuja da Legas, kuma mafi yawan kuɗin bashi ne daga wani bankin gwamnatin Sin. Ba a daɗe ba aka shiga kukan cewa galibin kyamarorin ba sa aiki. Majalisar Wakilai ta binciki lamarin a 2016, a watan Mayu 2023 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta umarci gwamnati ta bayyana yadda aka kashe bashin. Darasin da ke ciki shi ne, aikin da aka yi da sunan tsaro ma yana bukatar idon jama'a a kansa, kuma tambayar yadda aka yi da dukiyar ƙasa ba rashin kishin ƙasa ba ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

4. ABUBUWAN DA AKE TSORO

(a) Tara labarin mutum. Wanda ya fita kasuwa ya san za a gan shi. Amma ganin maƙwabci dabam, ganin na'ura dabam. Maƙwabci yakan gani ya manta, kuma shi ma ana ganinsa. Na'ura ba ta mantuwa, wanda ke bayanta kuwa ba a san shi ba. Alal misali, mace mai zuwa asibiti kowane mako a rana ɗaya, ba ta gaya wa kowa ciwonta ba, amma wanda ya tara hotunan ƙofar asibitin na wata uku zai iya hasashen abin da ke damunta. Haka kuma falken da ke sayar da shanu a kasuwar dabbobi ta Mubi: wanda ya san ranar da yake karɓar kuɗi, da motar da yake hawa, da hanyar da yake bi zuwa gida, ya riƙe abin da ɗan fashi zai saya da tsada.

(b) Kuskuren na'ura. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A watan Disamba 2019 hukumar awo da ma'auni ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon gwajin manhajojin gane fuska guda 189. Ta gano cewa da yawa daga cikinsu sun fi yin kuskuren ɗaukar wani a matsayin wani idan fuskar ta baƙar fata ce ko ta mutanen Asiya, har sau 10 zuwa sau 100 fiye da ta Turawa, gwargwadon manhajar. A watan Janairu 2020 'yan sandan birnin Detroit suka kama wani baƙar fata mai suna Robert Williams a ƙofar gidansa, a gaban matarsa da 'ya'yansa, bisa zargin satar agoguna, suka tsare shi kimanin awa 30, alhali manhaja ce ta yi kuskure. Tun da yake galibin manhajojin nan a waje ake ƙera su, lalle ne ƙasar baƙar fata ta gwada su da fuskokin mutanenta kafin ta dogara da su. A yankin da kuskure zai iya sa a kira mutum ɗan ta'adda, abin ya wuce maganar kwana ɗaya a ofishin 'yan sanda.

(c) Tauye 'yancin taro da ibada da faɗin ra'ayi. Idan mutane suka san ana rubuta fuskar duk wanda ya halarci taron jam'iyya, ko wa'azi, ko taron ƙungiyar manoma masu kuka da wani jami'i, waɗansu za su zauna a gida ko da ba su yi laifin kome ba. Ta haka 'yanci yakan ragu ba tare da an kafa dokar hana shi ba. Mulki kuma juyi yake yi: na'urar da aka saya domin 'yan fashi a yau, tana nan a gobe, a hannun wanda ba a san halinsa ba tukuna.

(d) Fallasa da ɗaukar doka a hannu. Ya zama ruwan dare mai kanti ya kwafi hoton wanda yake zargi da sata ya watsa a WhatsApp ko Facebook. Kafin gari ya waye an san fuskar a unguwa goma, kuma idan daga baya aka gane ba shi ba ne, babu mai iya janye hoton. Wani lokaci abin yakan kai ga duka ko kisa. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa.

(e) Leƙen gidaje. Kyamarar da aka ɗora a kan dogon ƙarfe ko bene, idan ba a daidaita fuskarta ba, takan ɗauki tsakar gidan maƙwabta, inda mata ke zaune ba lulluɓi. Wannan kuwa keta haddi ne a al'ada da addini da doka gaba ɗaya.

5. "MAI KAZA A ALJIHU"

Akwai masu cewa mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, watau marar gaskiya kaɗai ke tsoron kyamara. Wannan magana tana da daɗin ji, amma rayuwar jama'a ta yau da kullum ta ƙaryata ta. Magidanci yakan gina zaure domin baƙo ya tsaya a can, yakan rubuta "ba shiga" a ƙofa, kuma ba wanda ya ce don yana ɓoye kayan sata ne. Mai zuwa gidan mutane yakan yi sallama ya jira izini. Mafi soyuwar addu'a a bakin dattawa ita ce Allah ya rufa asiri, mai yin ta kuwa talaucinsa da ciwonsa da bashinsa da matsalar iyalinsa yake nufi. Alƙur'ani mai girma ya hana binciken asirin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, ya kuma yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani a aya ta 27 ta Suratun Nur. Kiristoci ma sun san tsegumi da tonon asirin maƙwabci abin ƙi ne. Saboda haka haƙƙin sirri ba baƙon abu ba ne da aka shigo da shi daga Turai. Dokar zamani ta rubuta abin da jama'a suka gada ne.

6. ABIN DA DOKA TA TANADA

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba da tabbacin kare sirrin 'yan ƙasa, da na gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu na waya. Sashe na 38 ya kare 'yancin addini, na 39 'yancin faɗin ra'ayi, na 40 'yancin taro da shiga ƙungiya, na 41 kuma 'yancin zirga-zirga. Nijeriya ta kuma shiga Yarjejeniyar Duniya ta 'Yancin Jama'a da Siyasa a 1993, wadda sashenta na 17 ya hana katsalandan cikin sirrin mutum ba bisa doka ba.

Waɗannan haƙƙoƙi suna da iyaka. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita su domin tsaron ƙasa, ko lafiyar jama'a, ko zaman lafiya, ko kare haƙƙin waɗansu. Sai dai ya gindaya sharaɗi: tilas taƙaitawar ta kasance ta hanyar doka, kuma dokar ta zama wadda hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Faɗin kalmar "tsaro" kaɗai bai isa hujja ba.

A watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya. A wurin wannan doka, hoton da za a iya gane mutum da shi yana cikin bayanansa. Awon fuska da zanen yatsa da ake tantance mutum da su, da labarin lafiyarsa, da addininsa, da ƙabilarsa, da ra'ayinsa na siyasa, suna cikin bayanai masu tsananin muhimmanci waɗanda aka fi tsananta sharaɗi a kansu. Sashe na 24 ya shimfiɗa ƙa'idoji: a tara bayani bisa gaskiya da doka ba a ɓoye ba, a tara shi domin wata manufa sananniya, kada a karkatar da shi zuwa wata, kada a ɗebi fiye da bukata, kada a ajiye fiye da lokacin da ya kamata, a tabbatar daidai yake, a kuma tsare shi daga ɓata ko faɗawa hannun da bai dace ba. Dokar ta ba mutum ikon neman a nuna masa bayanansa, a gyara kuskure, a shafe abin da babu sauran dalilin riƙe shi. Ta kuma ba shi ikon ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa, ba tare da ɗan Adam ya duba ba. Idan bayanai suka zube ta yadda za su cutar da mutane, wajibi ne a sanar da Hukumar cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai takan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 bisa ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta ƙanana kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 bisa ɗari.

Gaskiya ne dokar ta sassauta wa hukumomin tsaro waɗansu sharuɗɗa sa'ad da suke binciken laifi ko aikin tsaron ƙasa, amma ba ta ɗauke musu ƙa'idojin sashe na 24 ba. Game da sauraron waya kuma, ƙa'idojin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fitar a 2019 sun bukaci izinin alƙali. Idan gaggawa ta sa aka fara ba tare da shi ba, tilas a nemi izinin cikin awa 48.

Waɗansu ƙasashe sun riga sun gwada irin wannan a kotu da majalisa. A watan Agusta 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Birtaniya ta yanke cewa yadda 'yan sandan Kudancin Wales ke amfani da manhajar gane fuska ya saɓa wa doka, domin an bar wa jami'ai su zaɓi wanda za a nema da inda za a kafa na'urar ba tare da tsayayyar ƙa'ida ba. A 2024 kuma Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta hana 'yan sanda tantance fuskokin jama'a kai tsaye a wuraren taruwa, sai a 'yan lokuta ƙalilan, kamar neman wanda aka sace ko tare harin ta'addanci.

7. TAMBAYOYI BIYAR

Duk sa'ad da aka zo da maganar kafa na'urar sa ido a kasuwa, ko tasha, ko makaranta, ko unguwa, ya kamata hakimi da dagaci da masu unguwa, da kansila, da shugabannin kasuwa da na mata da matasa, su nemi amsar waɗannan tambayoyi a bainar jama'a, a kuma rubuta amsar:

1. Wa ya kafa ta, kuma wace doka ta ba shi iko?
2. Domin me aka kafa ta, kuma babu wata hanya mai sauƙi da za ta biya bukatar, kamar fitila ko maigadi?
3. Wa ke da ikon kallon hotunan, kuma ana rubuta sunan duk wanda ya kalla ko ya kwafa?
4. Kwana nawa ake ajiye su kafin a shafe?
5. Idan aka cuci mutum da su, wa zai kai wa kuka?

Shirin da masu shi suka amsa waɗannan ba tare da kwana-kwana ba ya cancanci goyon bayan jama'a. Wanda aka kasa amsa ko ɗaya daga cikinsu, a dakata da shi har a samu amsa. Rigakafi ya fi magani.

8. WAJIBIN MASU KAFA KYAMARA

Mai kanti, ko mai gidan mai, ko kwamitin masallaci ko coci, ko shugaban makaranta, idan ya kafa kyamara ya ɗauki amana. Ya kamata ya sa alama a inda kowa zai gani, cikin harshen da mutanen wurin ke ji, cewa ana ɗaukar hoto. Ya juya fuskar kyamara ga dukiyarsa, ya kauce wa gidajen mutane. Kada a kafa ta a makewayi, ko wurin alwalar mata, ko ɗakin gwada tufafi, ko ɗakin duba marasa lafiya. Ya canza lambar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani, domin wadda aka bari yadda take kowa na iya shiga ta intanet ya kalla. Idan an yi laifi, ya miƙa hoton ga 'yan sanda, ya karɓi shaidar miƙawa a rubuce, kada ya watsa shi. Hoton yara kuwa yana bukatar kulawa ta musamman.

Jami'an gwamnati su ma su sani cewa kwafar hoto ko bayanin wani domin biyan bukatar kai, ko domin wani mai kuɗi ko ɗan siyasa, cin amanar aiki ne, kuma yana jawo hukunci.

9. INDA ZA A KAI KUKA

Wanda yake ganin an keta sirrinsa zai fara da rubuta wa mai na'urar, ya faɗi rana da wuri da abin da yake nema, ya ajiye kwafi. Idan bai gamsu ba, sai ya kai ƙara ga Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, dukansu suna da ofis a Yola, kuma ba a biyan kuɗi kafin su saurari mutum. Sashe na 46 na Tsarin Mulki ya ba duk wanda aka tauye wa haƙƙi, ko ake shirin tauye masa, ikon zuwa Babbar Kotu a jihar da abin ya faru. Marar ƙarfi yana iya neman taimakon Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba kowa damar tambayar ma'aikatar gwamnati a rubuce game da ayyukanta da kuɗin da ta kashe, a ba shi amsa cikin kwana 7, ko a faɗa masa dalilin hanawa. Wanda bai iya rubutu ba yana iya neman wani amintacce ya rubuta masa.

KAMMALAWA

Mutanen Kwaja da sauran garuruwan ƙasar Mubi sun san tsadar zaman lafiya, kuma haɗin kansu da jami'an tsaro ne ya taimaka aka ƙwato Mubi a 2014. Wannan haɗin kai yana tsayuwa ne bisa amincewa. Idan jama'a suka tabbata cewa an kafa na'ura domin tsaronsu, an san mai kallo, an san ranar shafewa, an san ƙofar da za a buga idan an yi kuskure, su da kansu za su tsare ta daga masu ɓarna. Ana roƙon sarakuna da malamai da limamai da shugabannin coci da malaman makaranta su karanta wannan ƙasida ga waɗanda ba su iya karatu ba, su kuma bayyana ta cikin Fulatanci da Gude da sauran harsunan yankin, domin kowane ɗan ƙasa ya san haƙƙinsa, ya kuma san nauyin da ke kansa.